Yadda ake cire tsohon mysql_ a koma mysqli a PHP ba tare da an rasa bayanai ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin baya wani ƙanena da yake koyon aikin yanar gizo a wajena ya kira ni bayan isha'i, wai shafin duba sakamakon jarabawa na wata makarantar kuɗi a wani ƙauye ta wajen Birnin Kudu ya ƙi buɗewa, farin allo ne kawai da layi ɗaya a sama: Fatal error: Uncaught Error: Call to undefined function mysql_connect. Ga shi an gama jarabawa, iyaye sai zuwa suke ofishin hedimasta suna tambaya. Ba kutse aka yi musu ba, kamfanin da ke riƙe da shafin ne ya ɗaga PHP, yaren da aka rubuta shafin da shi, daga 5.6 zuwa 8, shi kuma wanda ya rubuta manhajar tun da daɗewa da tsohon direba ya rubuta ta. Wannan gyaran na yi shi sau da yawa, na makarantu, na ƙungiyar manoma masu rubuta bashin taki, har na wani kemis, to bari in shimfiɗa maka yadda nake yi.

Direba a nan shi ne mai ɗaukar saƙo daga PHP ya kai wa MySQL, wato databes ɗin da ke ajiye bayanai, ya dawo da amsa. Tsohon, wanda duk umarninsa ke farawa da mysql_, an sanar za a daina shi tun PHP 5.5 a 2013, aka cire shi gaba ɗaya a PHP 7.0 da ya fito a Disamba 2015. Shi kansa PHP 5.6 an daina yi masa gyaran tsaro tun ƙarshen 2018. Masu maye gurbin tsohon direban biyu ne, mysqli da PDO. In sabon aiki zan fara PDO nake ɗauka, don yana aiki da PostgreSQL da SQLite ma, amma in tsohon kod ne na gado mai fayil hamsin, mysqli ya fi sauƙi saboda sunayen sun yi kama da na da. Shi za mu bi.

Kayan aiki

Laftof mai cikakken caji, ko ka yi a inda akwai sola, don ba a son wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Filash guda ɗaya. XAMPP, manhajar da ke tayar da shafi a kwamfutarka, mai PHP daidai da wanda ke kan sabar, in ba ka da data ka karɓa ta filash a wajen wani, ya haura megabait 100. Notepad++ ko VS Code. Sunan shiga da kalmar sirrin cPanel, wato allon sarrafa shafin a kan sabar, ka karɓe su tun da wuri, sau da yawa sai ka tarar wanda ya sani ya bar makarantar. FileZilla na loda fayiloli da sauke su in kana so, in babu File Manager na cPanel ya isa. Sai littafi da biro, da gaske nake, zaka ga amfaninsu.

1. Ka ɗauki kwafin komai kafin ka taɓa komai

Ka shiga File Manager, ka danne foldar shafin ta zama zip, ka sauke. Sannan ka shiga phpMyAdmin, wajen sarrafa databes, ka zaɓi databes ɗin, ka danna Export. In netwok ɗin garinku irin namu ne mai zuwa yana komawa, ka zaɓi Custom ka sa gzip don fayil ɗin ya ƙanƙance, ko ka fitar da tebur ɗai-ɗai. Kwafi ɗaya a laftof, ɗaya a filash, ka sa kwanan wata a sunan.

Kuskuren da ake yi shi ne a ga fayil ya sauka a ce an gama. Wani lokacin rabi ne ya sauko netwok ya yanke. Ba ka da kwafi sai ka loda shi a XAMPP ka ƙirga layukan teburin ɗalibai ka ga sun yi daidai da na kan sabar.

2. In mutane na jira, ka samar musu sauƙi na ɗan lokaci

A cPanel akwai MultiPHP Manager ko Select PHP Version. In har yanzu 5.6 na cikin jerin, ka mayar da shafin can, zai tashi nan take, iyaye su duba sakamakonsu kai kuma ka samu natsuwar aiki. Amma dan Allah kar ka bar shi haka ka ce ka gyara. Sunaye da lambobin wayar iyayen yara ne a ciki, amana ce. In kamfanin ya cire 5.6 ɗin, ka sa ɗan shafi mai cewa ana gyara, ka faɗa wa hedimasta gaskiyar kwana nawa kake buƙata.

3. Ka tayar da shafin a kwamfutarka

Ka warware zip ɗin cikin foldar htdocs ta XAMPP, ka ƙirƙiri databes mai suna iri ɗaya a phpMyAdmin na XAMPP, ka yi Import. XAMPP da MariaDB yake zuwa ba MySQL ba, amma mysqli na aiki da duka biyun, kar wannan ya dame ka. Ka tabbata display_errors a kunne yake a php.ini na kwamfutarka don ka riƙa ganin kurakurai. In laftof ɗinka ba zai ɗauki XAMPP ba, ka buɗe wata folda ta gwaji a kan sabar da kwafin databes daban. Abin da ba a yi shi ne gyara kai tsaye a kan wanda mutane ke amfani da shi.

4. Ka ƙirga aikin da ke gabanka

A Notepad++ ka danna Ctrl+Shift+F, ka rubuta mysql_, ka nuna masa foldar, ka danna Find All. Mai Linux ya rubuta grep -rni "mysql_" a cikin foldar. Ka rubuta sunan kowane fayil a littafinka da adadin wuraren da aka samu, duk wanda ka gama ka ja masa layi. Ka lura da masu manyan baƙaƙe ma, MYSQL_ASSOC da MYSQL_NUM da MYSQL_BOTH, su ma sai sun koma MYSQLI_ASSOC da sauransu.

5. Fayil ɗin haɗi

Yawanci sunansa config.php ko db.php ko connect.php. Na da haka yake:

$hadi = mysql_connect("localhost", "mai_shiga", "sirri");
mysql_select_db("makaranta");

Ka mayar da shi haka:

mysqli_report(MYSQLI_REPORT_ERROR | MYSQLI_REPORT_STRICT);
$hadi = mysqli_connect("localhost", "mai_shiga", "sirri", "makaranta");
mysqli_set_charset($hadi, "utf8mb4");

Kaga sunan databes ya shigo na huɗu, ba sai an zaɓe shi daban ba. Layin farko kuma yana sa mysqli ya tsaya ya faɗi kuskure maimakon ya yi shiru. Daga PHP 8.1 haka yake tun asali, amma ni ina rubutawa don in an kai kod ɗin wata saba mai 7.4 ya yi hali iri ɗaya. Ma'anar wannan ita ce duk waɗancan or die da ke bin bayan kowace tambaya ba za a ma kai gare su ba, ka goge su. In ka tarar kowane fayil yana buɗe haɗinsa da kansa, ka cire duka, ka bar fayil ɗaya, sauran su kira shi da require_once.

6. Sauya sunaye, kuma a nan ake faɗawa rami

Abin da kowane sabon shiga yake yi, har ƙanen nan nawa kafin in iso, shi ne ya danna Replace All ya ƙara i a ƙarshen kowane mysql, sai shafi ya ƙara rikicewa. Dalili kuwa, tsohon direba yana tuna haɗin da aka buɗe na ƙarshe ya yi amfani da shi ko ba ka ambata ba, sabon kuwa sai ka miƙa masa $hadi da hannunka, kuma a farko yake so ba a ƙarshe ba.

Na da: mysql_query($tambaya) ko mysql_query($tambaya, $hadi)
Na yanzu: mysqli_query($hadi, $tambaya)

Haka mysqli_real_escape_string, $hadi a farko sannan rubutun. Su kuma mysqli_error da mysqli_insert_id da mysqli_affected_rows da mysqli_close, da a da ake barin cikinsu fanko, yanzu dole a sa $hadi a ciki. Waɗanda ƙara i kawai ya ishe su sune masu aiki a kan sakamako: fetch_assoc, fetch_array, fetch_row, num_rows, free_result. Su kam ka yi musu Replace All ɗin, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wanda ba shi da ɗan uwa a sabon gida sam, mysql_result. In ka ga mysql_result($sakamako, 0) ka rubuta:

$layi = mysqli_fetch_row($sakamako);
$adadi = $layi[0];

In PHP ɗinka 8.1 ne ko sama, mysqli_fetch_column($sakamako) zai yi maka a layi ɗaya.

Sai matsalar da tafi cin lokaci. In tambayar tana cikin function ne, $hadi ba ya shiga ciki da kansa, zaka ga Undefined variable $hadi alhali kana kallonsa a config.php da idonka. Hanyar gaggawa ita ce ka rubuta global $hadi; a layin farko na function ɗin. Wadda ta fi kyau ita ce ka miƙa shi, misali lissafa_maki($hadi, $lamba), sai dai dole ka bi duk inda aka kira shi ka gyara. In lokaci ya ƙure ka yi ta farko, ba laifi bane.

Duk fayil ɗin da ka gama, ka gwada shi da php -l sunan_fayil.php, zai kama maka waƙafi ko baka da ka manta.

7. Kar ka tashi ba ka rufe ƙofar kutse ba

Wannan matakin shafi zai yi aiki ko ba ka yi shi ba, shi yasa da yawa suke tsallakewa, amma ni a wajena shi ne ainihin ribar sauyin. Dubi wannan:

$tambaya = "SELECT * FROM dalibai WHERE suna = '$suna'";

Mu a nan ba sai ɗan kutse ya zo ba ma kafin ya karye. Sa'adatu, Mu'azu, Rabi'u, Isma'il, rabin ajin suna da wannan alamar a tsakiyar sunansu, ita kuma alamar ita ce ke rufe rubutu a SQL, to da an rubuta Sa'adatu tambayar ta tsinke a Sa. Na taɓa ganin rijistar da aka rubuta duk sunayen nan babu alamar, Saadatu, Muazu, na tambayi malamin da ke shigarwa ya ce ai kwamfuta ce ba ta karɓa. Ta wannan ƙofar dai mai mugun nufi zai rubuta ' OR '1'='1 a wajen shiga ya wuce ciki babu kalmar sirri.

Maganin shi ne shiryayyiyar tambaya, wato ka aika tambayar da alamar tambaya a gurbin bayanin, bayanin kuma ya bi daban:

$shiri = mysqli_prepare($hadi, "SELECT suna, aji FROM dalibai WHERE suna = ? AND shekara = ?");
mysqli_stmt_bind_param($shiri, "si", $suna, $shekara);
mysqli_stmt_execute($shiri);
$sakamako = mysqli_stmt_get_result($shiri);

Daga nan mysqli_fetch_assoc($sakamako) kamar yadda ka saba. Wancan "si" yana faɗin irin kowane bayani ne bi da bi: s rubutu, i cikakkiyar lamba, d lamba mai ɗigo irin 67.5. Yawan baƙaƙen dole ya zo daidai da yawan alamomin tambaya.

Ga abubuwan da za ka kiyaye. Lambar waya ka sa mata s ba i ba, don lambobinmu da sifili suke farawa, in ka ce i sifilin zai faɗi, ka wayi gari duk lambobin iyaye sun koma goma maimakon sha ɗaya. Kar ka sa alamar tambayar cikin alamun zance, ? kawai ake rubutawa ba '?' ba. In LIKE ne, ka haɗa kason a waje, $nema = "%" . $nema . "%", sannan ka ɗaure $nema. Kuma alamar tambaya ba ta tsayawa a madadin sunan tebur ko sunan ginshiƙi, to in mai amfani ne ke zaɓar yadda za a jera da ORDER BY, ka rubuta jerin waɗanda ka yarda da su, suna, aji, maki, ka duba da in_array, duk abin da ba ya ciki ka mayar da shi suna.

In sabar ta ce ba ta san mysqli_stmt_get_result ba, mysqlnd, ɓangaren PHP da wannan umarnin ke buƙata, shi ne babu. A Select PHP Version ka cire alamar mysqli ka sa a nd_mysqli. In ba a ba ka wannan damar ba, ka yi amfani da mysqli_stmt_bind_result da mysqli_stmt_fetch, ya fi tsawo amma yana yi. Wanda ke kan PHP 8.2 ko sama ya huta, layi ɗaya ne:

$sakamako = mysqli_execute_query($hadi, "SELECT suna, aji FROM dalibai WHERE suna = ?", [$suna]);

In tambayoyin sun yi yawa ba za ka iya duka a zama ɗaya ba, ka fara da shafin shiga, sai duk inda aka taɓa $_GET ko $_POST ko $_COOKIE. Wanda ka mayar shiryayye kuma ka cire masa real_escape_string da addslashes, in ba haka ba zaka ga Sa\'adatu a katin sakamako.

8. Baƙaƙenmu masu ƙugiya

Bayan ka sa utf8mb4 ka buɗe jerin ɗalibai ka nemi suna ko gari mai ƙ ko ɗ ko ɓ. In sun fito daidai, alhamdulillah, ka wuce. In ka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, kar hankalinka ya tashi, bayanin yana nan. Tsohon kod ɗin bai taɓa faɗa wa MySQL irin rubutun da yake aikowa ba, shi kuma ya ɗauka latin1 ne, kuskuren shiga da na fita suna goge juna shi yasa ba wanda ya lura, yanzu da ka gyara ɓangare ɗaya sai ya bayyana.

Ka duba Structure na teburin. In ginshiƙin latin1 ne, ka bi ta nan:

ALTER TABLE dalibai MODIFY suna VARBINARY(150);
ALTER TABLE dalibai MODIFY suna VARCHAR(150) CHARACTER SET utf8mb4;

Ka sa tsawon da yake da shi tun asali, in akwai NOT NULL ka maimaita shi. In kuma ginshiƙin utf8 ne amma rubutun a hargitse, wannan ne:

UPDATE dalibai SET suna = CONVERT(CAST(CONVERT(suna USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4) WHERE suna LIKE BINARY '%Æ%' OR suna LIKE BINARY '%É%';

Wancan WHERE ɗin kar ka cire shi. In umarnin ya bi ta kan sunan da ƙ ɗinsa lafiya lau yake, zai mayar da shi alamar tambaya, kuma ba ya dawowa. A kwafin kwamfutarka zaka fara gwadawa. In kuwa tun farko ? ka tarar a cikin databes ɗin, wannan ya riga ya tafi, sai a ɗauko rijistar takarda a sake rubutawa. Me yasa utf8mb4 ba utf8 ba? Don utf8 na MySQL bait 3 kawai yake ɗauka, ƙ da ɗ suna shiga, amma emoji da malamai ke sawa a sanarwa ba ya shiga.

9. Sauran tsofaffin da za su fito

Da ka gama da mysql_ wasu za su ɗago kai. ereg da split an cire su a PHP 7, ka koma preg_match da explode. each da get_magic_quotes_gpc an cire su a PHP 8, na farko ka sa foreach, na biyun ka goge shi da abin da ke ƙarƙashinsa. In ka ga kalmar sirri da md5 ake ajiyewa, ka rubuta a littafinka, aiki na gaba shi ne password_hash da password_verify, kar ka haɗa su rana ɗaya.

10. Gwaji

Ka zauna kamar kai ne malamin aji. Ka shiga, ka fita, ka gwada kalmar sirri ta ƙarya. Ka ƙara ɗaliba mai suna Sa'adatu daga Ɗambatta da lambar waya mai sifili, ka sa mata maki, ka gyara, ka buga katinta, ka goge ta. Ka ɗauki katin sakamako guda uku na zangon da ya wuce da aka riga aka buga, ka kwatanta jimilla da matsayi da abin da sabon ke bayarwa. Ka sake neman mysql_ a foldar, kar ya rage ko ɗaya sai a cikin sharhi. Foldar admin da fayilolin buga rahoto su aka fi mantawa.

11. Mayarwa kan saba

Ka zaɓi lokacin da ba kowa a kai, ni bayan sallar asuba nake yi, netwok ya fi ƙarfi kuma ba wanda ke shigar da maki. Ka sake ɗaukar sabon kwafin databes, don wataƙila an ƙara bayanai tun wancan. Ka canza wa tsohuwar foldar suna ka ajiye ta a wajen public_html, ka loda sabuwar, ka mayar da sunan shiga da kalmar sirrin databes na sabar a config.php, don na XAMPP root ne babu sirri, wannan mantuwar tana yawan faruwa. In ka yi gyaran baƙaƙe a mataki na 8, ka maimaita shi a nan. Sannan ka ɗaga PHP ɗin.

In ya ƙi haɗuwa yana maganar authentication, ka je MySQL Databases a cPanel ka sake sa wa mai shigan kalmar sirri, sau da yawa tsohon tsarin ɓoyewa ne sabon direba ba ya karɓa. In sabar MySQL 8 ce, ka tabbata PHP ɗin bai gaza 7.4 ba.

Ka kashe display_errors a sabar, don in kuskure ya faru zai iya baje sunan databes da hanyar fayiloli a idon kowa, ka bar log_errors a kunne. Kwana uku na farko ka riƙa leƙa fayil ɗin error_log safe da yamma, ka kuma ce wa malamin da ke shigar da maki, Malam duk abin da ka gani ba daidai ba ka ɗauki hotonsa da waya ka turo min ta WhatsApp. Tsohuwar foldar da kwafin filash kuma ka bar su har sai an kammala zango guda da sabon.